Tankin lita nawa kifin Nemo yake bukata a Kano?

Tankina na farko jarka ɗaya yake ci. Mai gilashi na sa ya haɗa mini shi, tsawo santimita 30, faɗi 30, tsayi 35, na ɗora shi a kan ɗan tebur a falo kusa da talabijin. Kifi biyu na zuba a ciki, irin masu ruwan lemo da farin ɗamara uku ɗin nan da yara ke kira Nemo tun fitowar fim ɗin 2003, waɗanda Turawa ke ce wa clownfish. Wata huɗu suka yi garau. Ran nan cikin Afrilu aka ɗauke wuta tun bayan isha'i, batirin inbata ya ƙare tsakar dare ina barci. Na dawo daga masallaci da asuba, na haska fitilar waya, sai ga babbar kwance a kan yashi, ƙaramin kuma yana saman ruwa yana haki. Ma'aunin zafi yana kan 33. Kafin hantsi shi ma ya bi ta. 'Yata ta tsaya a bakin ƙofa da kayan makaranta, ta ce, "Abba, barci suke yi?" Uwarta ce ta ja hannunta suka fita.

Abin da ya rufe mini ido shi ne na taɓa kiwon tarwaɗa a bayan gida, a nan Rijiyar Zaki, na ɗauka kifi kifi ne. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska a saman ruwa, shi ya sa za ka ga an cunkusa su a baho a kasuwar Galadima har yamma ba su mutu ba. Kifin teku ba shi da wannan gata. Asalin Nemo tekun Indiya ne da yammacin Pasifik, akwai wani jinsinsa ma a Bahar Maliya ta wajen Jidda, wuraren da ruwa ke wuni ya kwana zafinsa da gishirinsa ba su motsa wani abin kirki ba. Ko a tekun Legas babu shi, don ba ya rayuwa a Atlantika. Duk wanda ka gani a Kano ya sha doguwar tafiya a leda kafin ya iso hannunka.

In ka shiga intanet za ka ga kusan kowa yana cewa galan 20 ya ishi kifi biyu. Galan ɗin Amurka suke nufi, mai lita 3.8, ba na 'yan bumburutu ba, wato lita 75 ke nan, jarka uku masu cin lita 25. Maganar ba ƙarya ba ce. Kifin da ake kira ocellaris, wanda shi aka fi sayarwa, da ɗan'uwansa percula, da wuya su wuce santimita 8 zuwa 11, kuma ba ma'abota yawo ba ne. Tawa macen ta yanzu ta zaɓi wani ɗan kaskon fulawa da na kwantar a kusurwa, nan take wuni tana rangaji kamar mai tafiya da sabon takalmi, ba ta nisa sai in ta ga abinci. In don wurin iyo ne, lita 75 ta yi musu yawa ma.

Amma masu faɗin galan 20 suna zaune ne a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, ɗakinsu kuma yana kan digiri 22 rani da damina. Mu a nan, ba kifin ne ke yanke girman tanki ba, bazara ce da hunturu da wuta. Shi ya sa in an tambaye ni nake cewa lita 75 ita ce iyakar ƙasa, kada a sauko daga nan ko da wasa, mai farawa a Kano kuma ya nemi ruwa lita 100 zuwa 130 don kifi biyu.

Na ce ruwa, ban ce tanki ba, don akwai bambanci. Lissafin tanki sauƙi gare shi: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Nawa na yanzu 90 ne da 40 da 45, a takarda lita 162. Ranar da na cika shi na ƙirga jarkokin da hannuna, biyar suka shiga da ɗan ƙari, wajen lita 128. Kaurin gilashi ya ci nasa, yashi da duwatsu sun ci nasu, ga yatsa biyu zuwa uku da ake bari a sama. Ka ɗauka kashi ɗaya cikin biyar na lissafin takarda ba ruwa ba ne. Wancan na farkon da nake alfahari da shi a kan lita 31, ruwan cikinsa bai fi 24 ba. To wanda yake son lita 100 ta gaskiya sai ya yanka 80 da 40 da 40.

Me ƙarin ruwan yake saya maka? Lokaci. Kofin shayi kafin ka gama gaisawa da baƙo ya huce, tukunyar koko kuwa har hantsi da ɗuminta. Kifin nan yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, yana jure 28 ko 29 na ɗan lokaci, amma abin da ya fi kashe shi shi ne hawa da sauka da sauri. A watan Afrilu da Mayu zafin waje yakan haura 40, bangon ɗaki ya sha rana ya dinga amayar da ita har tsakar dare. A Disamba da Janairu kuma da asuba yakan sauko ƙasa da 15. Ƙaramin tanki bin ɗaki yake sau da ƙafa, ɗaki ya hau ya hau, ɗaki ya sauka ya sauka. Babba yana jan ƙafa, awoyi ne ke wucewa kafin ya motsa digiri ɗaya ko biyu, kuma waɗannan awoyin su ne tsakanin ɗauke wuta da farkawarka ka tada janareta.

Sai dai kada ka ɗauka girma magani ne. In ɗakinka ya yi sati yana kan 34 dare da rana, ko tankin lita 500 ne sai ya kai can. Dole a yi wani tanadi: ko AC a ɗakin, ko na'urar sanyaya ruwa, ko kuma dabarar talaka, wato ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan. Wannan fankar tana aiki sosai a Kano saboda bushewar iskarmu, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar zufa. Nawa tana sauko mini da shi digiri biyu zuwa uku. In abin ya ta'azzara nakan jefa robar ruwa mai ƙanƙara, a rufe ruf, ta yi ta yawo a sama. A lita 128 sannu a hankali take sanyaya ruwan. A lita 24 wannan robar kanta masifa ce, don za ta faɗo da zafin farat ɗaya.

Abu na biyu iska ce, kuma ina kyautata zaton ita ce ta kashe mini na farko, ba zafin kaɗai ba. Ruwan gishiri yana riƙe oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk sadda ruwa ya ƙara ɗumi sai abin da yake riƙewa ya ragu, alhali a lokacin ne kifin ya fi bukata. Oksijin ta saman ruwa yake shiga. Famfo yana aiki, ruwan yana motsi, ba matsala. Famfo ya tsaya, sai abin da faɗin bakin tankin ya iya sha da kansa, kuma ba kifin kaɗai ke shaƙa ba, har ƙwayoyin halittar da ke cikin duwatsu da yashi. Bakin tankina na farko 30 ne sau 30. Na yanzu 90 sau 40, ninki huɗu ke nan, kifin kuma su biyun ne dai.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa siffa take da muhimmanci kamar yawan lita. Mutanenmu suna son dogon tanki mai tashi sama kamar firji, don ya fi ƙawata falo kuma ba ya cin wuri. Lokacin da zan yi na biyu mai gilashin ma haka ya ce, "Alhaji, a ɗaga shi sama mana, ya fi kyau a ido." Na ce masa a'a, a kwantar da shi. Tanki biyu masu cin ruwa daidai da juna, mai kwanciya ya fi mai tsayuwa ta kowace fuska: bakinsa ya fi faɗi, hannunka yana kai wa ƙasa in za ka share, kuma gilashin bai shan matsi kamar na mai zurfi. Tsayi kada ya wuce 45, faɗi kada ya gaza 35, sauran ka ba wa tsawo. Zagayayyen kwanon gilashin nan da ake sayarwa da kifin ado kuwa, ko kyauta aka ba ka, zuba alawa a ciki.

Na uku ƙazanta. Kifi yana fitar da amoniya, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama, ita kuma guba ce ko kaɗan ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin duwatsu da soson matata ne ke mai da ita naitirayit, wasu su mai da shi naitiret, wanda shi ne mai sauƙin illa, ana rage shi ta hanyar canjin ruwa. Kifi biyu abincinsu ɗaya ne ko a wane tanki suke. Cokalin gishirin da zai ɓata miyar mutum biyu, a tukunyar biki ko ji ba za a yi ba. Kuma a gidan da ke da yara, sai an yi ranar da wani zai juye rabin gwangwanin abinci a ciki don tausayi. An yi mini, ƙanin matata ne ma, ba yaro ba. Na kwashe abin da na iya da rariya, na canja jarka ɗaya, aka wuce wurin. Da a ƙaramin ne da wani labarin ake.

Akwai wuri ɗaya da girma bai taimaka kamar yadda ake zuzutawa ba, shi ne ƙafewa. Da hunturu iska tana shan ruwan tanki kamar tana biya, ga fanka in bazara ce. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, saboda haka kullum ruwan ƙara gishiri yake. Ruwan teku gram 35 ne na gishiri a kowace lita, a ma'aunin gishirin ruwa kuma ana so ya zauna wajen 1.025. A ƙaramin tankina in na yi tafiyar kwana uku na rasa lita ɗaya da rabi, gishirin ya tashi daga 35 ya haura 37. Babban yana da faɗin baki, don haka shi ma yana sha, har ya fi shan lita, a kwana ukun sai ya rasa shida, ya kusa 37 ɗin shi ma. Maganin wannan ba girma ba ne. Ka manna ɗan salatif a jikin gilashi daidai bakin ruwa, kullum da safe ka ciko zuwa layin da ruwan daɗi tatacce, ba mai gishiri ba. Ka kuma yi murfi. Kifin nan yana tsalle in ya firgita cikin dare, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a saman ruwa kamar an barbaɗa gari. Da bazara sai ka cire gilashin murfin ka sa na raga don fanka ta samu hanya.

Duk wannan magana a kan ocellaris da percula nake yi. Jinsin kifin ya kai wajen 30, kuma ba duka ne masu haƙuri ba. Akwai maroon, mai launin jan goro, macensa takan kai santimita 17, faɗa ne da ita kamar zakaran unguwa, har hannun mai ita take cizo ta fasa. Akwai clarkii da tomato, suna kai wa 14 zuwa 15. Waɗannan littattafai suna ba su lita 115 zuwa sama, ni kuwa a Kano ba zan sa biyunsu a ƙasa da lita 200 ba. Matsalar ita ce suna ƙanana duk kyawawa ne, duk tsawon ɗan yatsa. Ka tambayi mai sayarwa sunan jinsin kafin ka tura kuɗi, ya turo maka bidiyon ainihin kifin, kuma in akwai wanda aka ƙyanƙyashe a gona ka fifita shi a kan kamun teku, ya fi jure zaman tanki, ya saba da abincin gwangwani.

Batun adadi kuwa, biyu ko ɗaya. Kada ka ce tunda tankin ya kai lita 130 bari a ƙara na uku. Halittar kifin nan abin mamaki ce: ba a haifar mace a cikinsu, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, na biye da shi ya zama mijinta, kuma wadda ta zama mace ba ta komawa. In ka sayi ƙanana biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya, za su yi 'yan kwanaki suna kore-kore, sai ka ga ƙaramin ya karkata jiki yana karkarwa a gaban babbar. Mubaya'a ke nan, an gama. Na uku kuwa ba shi da gurbi. Su biyun za su haɗu su tura shi kusurwar sama bayan famfo, ya daina cin abinci har ya ƙare. Uwargidana da ta ji wannan bayani cewa ta yi, "Ashe kifin ma ya san abin da yake yi." Ban tanka ba. Haɗa nau'i biyu daban na kifin a tanki ɗaya ma haka yake ƙarewa.

In kana son wasu kifaye na daban su zauna da su, ƙananan goby masu zaman ƙasa ɗaya ko biyu za su shiga lita 130 ba damuwa. Shuɗin kifin nan na cikin fim ɗin, wato Dory, da yara ke nacin a sayo tare da Nemo, shi kam a haƙura. Yana kai wa santimita 30, mai gudu ne, tankin da zai ishe shi sai tsawonsa ya kai tsawon gado.

Sai animoni, wannan halitta mai kama da fure da kifin ke kwanciya a cikinta a teku. Ba dole ba ce. Nawa shekara uku ke nan ba su taɓa ganin ta ba, kaskon fulawa ya wadatar da su. Tana son fitila mai ƙarfi, fitila kuma zafi ce da cin batir. Tana son tankin da ya yi aƙalla wata shida yana aiki. Tana tafiya da kanta, takan faɗa bakin famfo ya markaɗa ta, in kuma ta mutu cikin dare sai ta ruɓar da ruwan gaba ɗaya kafin gari ya waye. Wanda ya dage sai ya yi, ya fara tunani daga lita 150 zuwa sama, kuma sai bayan solarsa ta nuna masa za ta iya kwana da kaya cikin damina.

To me zai hana mutum ya yi lita 400 ya huta? Daidai ruwa daidai tsaki. Gishirin tankin teku ba na miya ba ne, haɗi ne na musamman mai kalsiyam da magniziyam da sauransu, daga waje ake shigo da shi, mu kuma daga Legas ko Abuja ake ɗoro mana shi a mota. Kowace lita tana cin gram 35 zuwa 38. Cikon farko na tankina ya ci kusan kilo biyar. Duk sati ina canja kashi ɗaya cikin goma, lita 13, kusan rabin kilo ke nan, a shekara ya kai kilo 24, bokiti guda ya tafi. Ninka tankin sau uku, ka ninka wannan sau uku. Ruwan ma ba na 'yan ga-ruwa ko na rijiyar burtsatse ake zubawa kai tsaye ba, na famfo kuma yana da kulorin. Sai wanda aka tace da na'urar RO, mai cire gishiri da sauran sinadarai daga ruwa, ko ka sayi ƙaramar taka, ko ka shirya da gidan ruwan da ka tabbatar suna da ita. Tankin da ka kasa canja wa ruwa saboda gishiri ya yanke, girmansa ba zai cece shi ba, sai dai ya jinkirta ɓarnar. Kifin nan yana haura shekara goma in an kula da shi, don haka lissafin na shekaru ne.

Ga nauyi kuma. Lita ɗaya ta ruwan gishiri ta ɗan ɗara kilo ɗaya. Nawa da gilashinsa da duwatsunsa ya kusa kilo 190, buhun siminti huɗu saura kaɗan. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Na sayo ƙarfe a Ƙofar Ruwa, mai walda ya haɗa mini mazauni, aka shafe shi da fenti har hawa uku saboda gishiri cin ƙarfe yake, na shimfiɗa katako mai kauri da farin soson kwalin firji a sama. Ka zaɓi wurin tun kafin ka yanka gilashi, domin in an cika ba ya matsuwa: bangon da rana ba ta dukansa ta baya, nesa da taga, nesa da inda ake fesa maganin sauro ko kunna turaren wuta, kusa da soket ɗin da ke kan layin inbata. Famfon da ke motsa ruwa ba ya cin wuta sosai, shi ne abu na ƙarshe da za a kashe a gidan. Ka kuma ajiye ɗan famfon iska mai batir, wanda ke tashi da kansa in wuta ta ɗauke. Da ina da shi a wancan daren, wataƙila da ban rasa su ba.

Lokacin farawa ma yana da tasiri. Sabon tanki yana bukatar sati huɗu zuwa shida da ruwa da duwatsu da famfo, babu kifi, kana ɗan jefa abinci yana ruɓewa, har sai gwaji ya nuna amoniya da naitirayit sun koma sifiri. Ni a Yuli na cika nawa, kifi suka shiga ƙarshen Agusta, lokacin da garin yake da sanyin damina. Sun samu wata shida suna sabawa kafin bazara ta gwada mu. Ka tanadi hita mai kashe kanta kafin Disamba.

In ka je wurin mai gilashi, ka tafi da awonka a rubuce, ka ce masa na ciki kake nufi ko na waje. Tsawo 80 zuwa 90 da tsayi 40 zuwa 45, gilashi mai kaurin milimita 8 za a sa, da ɗamara a sama ta riƙe gaba da baya. A goge bakin gilashin kada ya yanke ka. Gam ɗin silikon ya zama wanda aka rubuta na tankin kifi ne, ba na banɗaki ba, domin na banɗaki akwai maganin fumfuna a cikinsa mai kashe kifi. Kada a sa ƙarfe ko tagulla a duk inda ruwa zai taɓa. In an kawo, ka bar gam ɗin ya yi sati yana bushewa, sannan ka ajiye tankin a tsakar gida a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa tsohuwar jarida a ƙarƙashi, ka cika shi da ruwan banza har baki ya kwana uku. Nawa a rana ta biyu jaridar ta jiƙe ta kusurwar hagu, na kira mai gilashin ya zo ya kankare gefen ya sake ɗaurawa, muka ƙara jiran wani satin kafin a shigar da shi falo.